Yadda Na Haɗa Kujeru Shida na Teburin Cin Abinci a Garejin Gidana

Teburin cin abincin da ke falonmu ya zo ne da kujerunsa shida, amma kafin ya cika shekara huɗu a gidan, huɗu daga cikinsu sun koma kicin da tsakar gida ana ɗora musu bokiti, domin duk wanda ya zauna a kan ɗaya sai ya ji tana rangaji a ƙarƙashinsa. Mu da muka tashi muna cin tuwo a kan tabarma ba mu ɗauki abin da zafi ba, har sai da ciwon gwiwa ya hana mahaifina zama a ƙasa, ya zamana duk ranar da ya zo gidan sai an yi ta laluben kujerar da za a amince a ba shi. Wata rana na kifar da ɗaya na duba ƙarƙashinta, sai na tarar abin da ya riƙe ta bai wuce ƙusa bibbiyu da ɗan gam a kowace gaɓa ba, kuma dukkansu a wuri guda suka saki, wato inda katakon gefe ya haɗu da ƙafar baya. Ni ba kafinta ba ne, koyarwa ce sana'ata, sai dai ina yaro na riƙa zama a shagon wani kafinta a unguwarmu lokacin hutun makaranta, kuma tun daga nan ban rabu da zarto da guduma ba. Na yi kanta, na yi benci, na yi akwatin littattafai a garejin gidana da babu mota a ciki, amma kujera ban taɓa gwadawa ba sai a wannan karo.

Kafin in sayi ko da falanki ɗaya, na je na gaida wannan kafinta, wanda yanzu ya tsufa ya bar wa 'ya'yansa shagon. Da na gaya masa abin da ke tafe da ni, sai ya yi murmushi ya ce, "Ɗana, tebur tsayuwa kawai yake yi, ita kuwa kujera kullum kokawa take yi da mai zama." Na ce, "Baba, to ta ina ake kayar da ita?" Ya nuna mini gaɓar nan da na riga na gani, ya ce idan mutum ya jingina, ko yaro ya ɗaga ƙafafun gaba yana lilo da na baya, nauyin jikinsa kaf a nan yake tattaruwa, kuma ƙusa ba ta jure irin wannan ja da saki na kullum. Ya ce in fafe rami a jikin ƙafa, in fitar da harshe a bakin katakon gefe ya shige ciki daram, kada in taɓa ɗanyen katako, sannan in fara yin guda ɗaya da katako mai araha in zauna a kai kafin in yanka mai tsada.

A ƙarshen Oktoban 2023 na shiga kasuwar 'Yan Katako ta Na'ibawa a nan Kano. Akasarin katakon da ake aikin ɗaki da shi daga dazuzzukan kudu ake kawo shi, kuma kowane iri da halinsa. Obece yana da sauƙin yanka da araha, amma taushinsa ya yi yawa ga ƙafar kujera. Malaina ba laifi, sai dai tana daɗewa ba ta bushe ba. Iroko ƙaƙƙarfa ne, gara ma tana shakkarsa, amma yana da nauyi, yana dakusar da kayan aiki, ƙurarsa kuma tana sa wasu mutane atishawa da ƙaiƙayi, ni kuwa a gareji mai taga ɗaya zan yi aikin. Na so madobiya saboda kyawun launinta, amma yawan sararta da aka yi ana fitarwa zuwa Sin ya sa ta yi ƙaranci, har aka sa ta cikin itatuwan da aka taƙaita cinikinsu tsakanin ƙasashe tun 2017. Na tsaya a kan mahogani, ɗan'uwan maɗacin nan namu da ake jiƙa ɓawonsa don magani, domin yana da ƙarfi daidai gwargwado, ba shi da nauyin da zai hana yaro jan kujera, yana karɓar gam, kuma jan launinsa yana ƙara kyau idan ya kwana biyu. Na ɗauki falankai masu kaurin inci 2 don ƙafafu, da masu inci 1 don sauran sassa, kowanne tsawon ƙafa 12 kamar yadda aka saba sayarwa, ina ɗaga kowanne in kai ido bakinsa in hango tsawonsa don in ga ko ya karkace, ina kuma guje wa masu ƙulli da masu farin gefe, tun da farin gefen nan shi ƙwari suka fi ci.

Nauyin falankan da sanyin da na ji a tafin hannuna sun shaida mini cewa akwai sauran ruwa a jikinsu, wanda ba abin mamaki ba ne ga katakon da ya baro ƙasar ruwa a ƙarshen damina. Wannan shi ne abin da ke kashe yawancin kujerun da muke saye. Katako yana tsukewa ta faɗi da kauri idan ya bushe, tsawonsa kuwa da ƙyar yake canjawa, saboda haka harshen da aka fitar daga ɗanyen katako, komai matsewarsa a ranar da aka haɗa, zai rame a cikin raminsa da zarar hunturu ya busa, gam ya tsage, gaɓar ta fara motsi. Na sa masu inji a kasuwar suka tsaga mini falankan zuwa kusan girman da nake bukata, tare da barin rara a kowane gefe, domin siririn katako ya fi saurin bushewa. Da na kawo gida na shafa wa bakin kowanne ragowar fenti, saboda ta baki ruwa ya fi saurin fita, nan ne kuma tsagewa take farawa. Na jera su a kan bulo nesa da ƙasa, na sa 'yan sanduna masu kauri ɗaya tsakanin kowane layi da na samansa don iska ta ratsa, na danne saman da bulo huɗu, na kuma rufe ƙofar garejin don kada busasshiyar iska ta buge su kai tsaye su bushe ta waje cikinsu na jiƙe.

Ba ni da na'urar auna danshin katako, don haka na ware guntu ɗaya na riƙa ɗora shi a sikelin kicin kowace Juma'a ina rubuta nauyinsa a jikinsa da fensir. Ya fara da kilo 2.4, ya yi ta sauka da sauri a watan Nuwamba, saukar ta ragu a Disamba, sannan ya tsaya a kilo 2 mako uku a jere cikin Janairu, abin da ya nuna ya gama fitar da abin da zai fitar. Wani falanki mai faɗin inci 12 da na auna tun farko ya rage fiye da kwatan inci. Watanni ukun nan sun yi wa uwargida tsawo, har ta taɓa leƙowa garejin ta ce, "Malam, kujerun nan dai ko sai jikokinmu?" Na ce mata in Allah ya yarda a kansu za a yi buɗa-bakin farko, azumin 2024 kuwa a watan Maris zai kama.

Ban zauna haka nan ba a lokacin jiran. Na sayi obece na haɗa kujerar gwaji da sukuru kawai, yadda zan iya kwancewa in sauya. Tsayin teburinmu inci 30 ne, kuma ana so a bar kimanin inci 12 tsakanin mazauni da saman tebur, don haka na nufi inci 18 daga ƙasa zuwa inda ake zama. A gwajin farko na yi zurfin mazaunin inci 18, sai uwargida ta ce bakinsa yana tokare mata bayan gwiwa idan ta jingina, na rage shi zuwa 16. Majinginin kuma na fara yin sa a miƙe sak, wanda ya sa mutum yake zama kamar ɗalibin da ake yi wa horo, sai na kwantar da samansa baya da kimanin inci 3, na kuma ja ƙasan ƙafafun baya da inci 2 don kada kujerar ta kife da mai jingina. Faɗin gaba na bar shi inci 18, na baya 15, tsayin kujerar gaba ɗaya 38. Mahaifina ya zo ya zauna ya tashi sau uku yana dafa tebur, ya ce ta yi. Daga wannan kujera na zana siffar ƙafar baya a kan filawud na yanke, ya zama samfurin da zan ɗora a kan kowane katako.

Kowace kujera sassa 20 ce, idan aka haɗa ƙafafu huɗu, katakai huɗu da suka kewaye mazauni, biyu na kwance a majingini da uku na tsaye a tsakaninsu, uku da ke ɗaure ƙafafu ta ƙasa, da 'yan kusurwa huɗu da ake sakawa ta ciki. Kujeru shida sun kama sassa 120 ke nan, kuma na ƙuduri cewa duk wani yanka da zan yi wa sashe ɗaya sai na yi wa dukkan 'yan'uwansa a zama guda, domin idan aka gama kujera ɗaya sannan aka faro ta biyu, ba za su taɓa fitowa iri ɗaya ba. Na mayar da katakon wurin masu inji aka goge shi ya zama kauri ɗaya, aka kuma yanke mini lanƙwasar ƙafafun baya a kan layin da na zana. A wajen zanen nan na ɓata lokaci sosai, ina juya samfurin a kan falanki har sai jijiyar katakon ta bi tsawon ƙafar gwargwadon iko, saboda ƙafar da jijiyarta ta gitta ta wajen lanƙwasa a nan take karyewa. Na yanka ƙafafun baya 14 maimakon 12, na ƙara ɗaya ko biyu a kan kowane sashe. Sauran gyaran da magogin hannu da magagari na yi shi, na ɗaure ƙafafun bibbiyu ina goge su tare don su daidaita. Mahogani yana da wata ɗabi'a, jijiyarsa takan juya ta saɓa wa juna a falanki guda, ta yadda magogi zai tafi sumul a wannan layi ya fizge tsoka a na kusa da shi, kuma maganin abin shi ne a wasa bakin sosai a riƙa ɗiba kaɗan-kaɗan.

Ramukan su ne suka ci mafi yawan kwanakin aikin, domin kowace kujera tana da 24, jimla 144. Na yi kaurin kowane harshe kashi ɗaya cikin uku na kaurin katakonsa, na ja layukan da wani ɗan katako da na kafa wa ƙusa don awon ya zama ɗaya ko'ina. Ina fara huda ramuka a jere da injin huda, na naɗa wa bakinsa salatif a matsayin alamar zurfi, sannan in share tsakaninsu da cizal da gudumar katako har bangon ramin ya miƙe. Ranar da babu wuta sai in koma fitar da harsuna da zarto, tun da wannan ba ya bukatar inji. Ma'aunin da Baba kafinta ya ba ni shi ne harshe ya shiga da ƙarfin hannu ko ɗan bugu kaɗan, kuma idan aka ɗaga katakon kada ƙafar ta zame ta faɗi. Wanda sai an yi masa dukan kawo wuƙa zai tsaga ƙafar, wanda ya shige salin-alin kuwa gam ba zai cece shi ba, domin farin gam ba ya cike gurbi. Guda biyar da na rage fiye da kima na manna musu siririn katako a gefe, na bari ya bushe, na sake gyarawa.

Akwai wahala biyu da suka keɓanta da gaɓar nan ta ƙafar baya. Ta farko ita ce harshen katakon gefe da na katakon baya a cikin ƙafa ɗaya suke haɗuwa, kuma wurin bai ishe su duka su yi tsawo ba, saboda haka na fifita na gefe, wanda shi ke ɗaukar wahala, na ba shi inci ɗaya da kwata, na gajarta na baya. Ta biyu kuwa, da yake gaban kujerar ya fi bayanta faɗi da inci 3, katakon gefe ba ya shiga ƙafa a miƙe, yana buɗewa waje da inci ɗaya da rabi ta kowane ɓangare, don haka kafaɗun harshensa sai an yanka su a ɗan karkace, kusan digiri 6. Ban yarda da lissafi a kai ba, sai na zana mazaunin da cikakken girmansa a kan filawud, na ɗauki karkacewar daga zanen na yanka wani ɗan katako da ita, shi na riƙa jinginawa ina jan layi a kan duka goma sha biyun.

A nan ne na yi kuskuren da ya fi ba ni haushi. Ƙafafun baya dama da hagu ne, ramin da ke fuskantar ciki a wannan kishiyar na waccan ne, kuma na san haka sarai. Wani dare bayan sallar isha'i, ina sauri in gama kafin a ɗauke wuta, na fafe ƙafafu biyu a jere ba tare da na duba alamar da na yi musu ba, sai da na zo gwadawa da safe na ga ina da na hagu takwas, na dama huɗu. Rarar nan biyu da na yanka su suka fitar da ni, ba don su ba da sai na koma kasuwa na sake jiran wata uku, ko in haɗa da ɗanyen katako. Daga ranar na riƙa ɗaure kowace dama da hagunta da roba, na rubuta musu lamba da alli, na kuma daina aikin cizal da dare.

Na haɗa kowace kujera ba gam tukuna, na tabbatar kowace kafaɗa ta zauna ba tare da gibi ba, sannan na kwance na goge sassan da samfefa mai lamba 80, da 120, da 180, domin bayan an haɗa akwai lungunan da hannu ba zai kai ba. Wajen sa gam na yi shi mataki-mataki, na fara da bayan kujera gaba ɗayansa, sai gabanta, washegari kuma in haɗe su da katakan gefe. A busasshiyar iskar Fabrairu farin gam yana fara kamawa cikin 'yan mintuna, har na farkon da na yi da rana ya kusa ƙin shiga, saboda haka na mayar da aikin bayan sallar asuba, na kuma riƙa jera komai a gabana kafin in buɗe robar gam. Ƙarafan matsa katako huɗu kawai gare ni, sai na cike da igiya da nake zagayawa in murɗa da sanda, da kuma tsohon tiyub na babur da na yayyanka. Kafin gam ya kama nakan auna daga wannan kusurwa zuwa kishiyarta, in auna ɗaya ɓangaren, idan awon biyu bai zo ɗaya ba in sassauta in gyara. Gam ɗin da ya tsatso kuwa da jiƙaƙƙen tsumma nake share shi nan take, domin duk inda ya bushe a kan katako, fenti ba ya kama wurin, sai ya bar farin tabo. Bayan kwana ɗaya na huda gaɓoɓin baya ta gefe na buga musu siririn turken katako ya ratsa harshen, na kuma ɗaura 'yan kusurwan nan huɗu ta ciki da gam da sukuru.

Uku daga cikin shidan sun fito suna ɗingishi, abin da na riga na sa rai. Daɓen garejin ba abin dogaro ba ne, don haka na ɗora kowace a kan teburin cin abincin kansa, na cusa 'yan takardu ƙarƙashin ƙafar da ba ta taɓa ba har kujerar ta tsaya daidai, na kwantar da fensir a kan ɗan siririn katako na zagaya ƙafafun huɗu da shi, na yanke a kan layin. Ban sa wa katakon wani launi ba, na bar shi da jansa. Na shafa sila, wato shafin farko da ke toshe ƙananan ƙofofin jikin katako, sau biyu ina gogewa da samfefa mai laushi a tsakani, sannan banish sau uku da buroshi. Ƙurar hunturu ita ce abokiyar gabar wannan mataki, sai na riƙa yayyafa wa daɓen ruwa, in shafa da sassafe kafin iska ta tashi, in rufe ƙofa in fita. Duk da haka akwai kujera ɗaya da idan aka shafa bayan majingininta za a ji ɗan gautsin ƙura, ban koma kanta ba. Mazaunan na yanka su daga filawud mai kaurin rabin inci, na kai wa mai kushin ya sa soso mai inci 2 ya rufe da baƙar leda wadda za a iya goge miya a kanta, na ɗaure su ta ƙasa da sukuru ta cikin 'yan kusurwan, yadda ranar da ledar ta tsage za a kwance a sauya ba tare da an taɓa jikin kujerar ba.

Ban cika alkawarin buɗa-bakin farko ba, sai a rana ta shida ga azumi aka shigar da su falo, warin banish ma bai gama fita ba. Idan na lissafa katako da ladan masu inji da na mai kushin, abin da na kashe bai yi ƙasa da kuɗin kujerun kasuwa da wani abin kirki ba, ban kuma sa kwanakin da na yi a ciki ba. Mahaifina ya zaɓi wadda ke kusa da taga ta zama tasa. Baba kuwa da na ɗauko shi ya gani, bai ce komai ba sai da ya kifar da ɗaya, ya dafa gwiwarsa a kan katakon gefe ya ja ƙafar baya da ƙarfi, sannan ya nuna mini wata kafaɗa da ta bar gibin da farce zai shiga, ya ce wannan cizal ɗina ne bai yi kaifi ba. A watan Agusta, da damina ta yi nisa har ƙofofin gidan suka fara cijewa, na sake kifar da su ɗaya bayan ɗaya na girgiza, na tarar danshin ya ƙara matse gaɓoɓin, haka kuma da hunturun da ya biyo baya ya wuce babu wadda ta yi motsi. Ta gwajin nan ta obece tana gareji har yanzu, a kanta nake zama idan ina wasa cizal, kuma sau biyu ke nan ina ƙara ɗaure mata sukuru a gaɓar baya.